A daina kashe Peugeot 504 da gyaran ganganci

Ya Edita,

Ka ba ni fili in sa baki a musun da ba ya ƙarewa a majalisun masu sha'awar motoci, tsakanin masu son tsofaffin motoci da masu son motocin gudu. Samari suna cewa tsohuwar mota wahala ce kawai, kullum tana gareji, gara BMW ko Marsandi mai turbo. Dattawa kuma sun kafe cewa tun bayan 504 ba a sake ƙera mota ba. A ganina yawancin laifin da ake ɗora wa 504 na masu gyaranta ne.

Motar ta fito a Faransa a 1968, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma a shekarar ne kamfanin PAN, wato Peugeot na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, an daɗe da daina yin ta a Turai. Motar da ta yi wannan zango ba ragguwa ba ce.

Abin da ya fi kashe injinta zafi ne. Kan silindarta na alminiyam ne, bulok ɗin kuma na ƙarfe. Da mota ta fara zafi, sai bakanike ya cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwan nan yana barin ƙasa da gishiri a bututun lagireto, yana cin alminiyam, ga tsatsa a bulok. Ba tamostat kuma, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya yi ta shan mai. Abin yi shi ne a wanke lagireto, a mayar da tamostat, a zuba ruwan sanyaya inji rabi, tataccen ruwa rabi, sannan a duba ko fanka tana kamawa idan inji ya ɗau zafi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen canjin gasket. Silif ɗin da fistin ke gudu a cikinsu ba manne suke da bulok ba, zaune suke a kan sil mai hana ruwa yoyo, ruwa na zagaye su. Idan aka cire kan silinda, yaron gareji ya juya karanshaf ba tare da an danne silif da washa da ƙusa ba, sai su ɗaga, sil ɗin ƙasa ya saki. A ɗaure komai, a tayar, bayan kwana kaɗan baƙin mai ya koma fari kamar kunu, mai mota ya ce inji ya tsufa. Haka kuma ƙusoshin kan silinda daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba, a sake bin su bayan kamar kilomita 1,000.

Saitin injin mai lita 2 ba wuya. Bawul ana saita shi inji na sanyi: tazarar na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Bakin kwantak mai raba wuta 0.40, na fulogi 0.6. Wuta tana bin silinda 1-3-4-2, amma a kula, a wurin Peugeot ta ɗaya ita ce ta wajen giya, ba ta wajen fanka ba. Wanda ya saba da motocin Japan nan yake rikicewa, ya yi ta zargin kafireta alhali lafiyarta ƙalau.

Masu cire injin su dasa na wata mota kuwa, ba na tare da su. Akwai bututun ƙarfe da ya haɗa giya da aksul ɗin baya, farfela na juyawa a cikinsa. Duk dashen da zai sa a yanke shi a yi walda, ƙarshensa girgiza ce da cin roba, kuma darajar motar ta tafi, don mai neman tsohuwar mota ta asali yake nema. Gara a shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano a nemi kayanta tun 'yan gwangwan ba su auna sauran a sikeli ba.

Su ma masu motocin gudu su san abin da suka ɗauko. Injin turbo yana son baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta da fetur mai kyau, ba na bumburutu ba, kuma bayan doguwar tafiya a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo. Wasan mota a titi ranar biki kuloci da tayoyin baya yake ci, wani lokacin har da ran ɗan kallo.

Naka,
Wani mai sha'awar tsofaffin motoci,
Kaduna.