Wasiƙa zuwa ga iyaye: maganar ƙudan zuma da 'yan aji shida

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara.

Ranar Talata wani uba ya zo har ofis yana faɗa wai Ustazar kimiyya ta zaunar da 'yan aji shida bayan katanga suna kallon ƙudan zuma alhali ga karatu, to Alhaji karatun kenan, na gaya maka kuma ga shi ina maimaitawa kowa ya ji. Baiwar Allahn nan da kuɗinta ta sayi takardu da sukari, godiya ta kamace ta.

Aikin wani bature take koya musu, Karl von Frisch, an haife shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1886, ya daɗe yana farfesa a jami'ar Munich a Jamus. A zamaninsa akwai manyan malamai da suka dage cewa zuma ba ta bambance launi, shi bai tsaya cacar baki ba sai ya ɗora ruwan sukari kan takarda shuɗiya a tsakiyar masu ruwan toka, da ƙudan zuman suka saba ya ɗauke sukarin ya sauya wa takardar wuri, sai ga su dai kan shuɗiyar. Daga baya ya riƙa ɗiga musu fenti a baya don ya gane kowacce, da haka ya gano wadda ta samo abinci rawa take yi a cikin amya, idan kusa ne ta yi ta zagaye, idan da nisa ta riƙa kaɗa jiki tana nuna wajen gwargwadon inda rana take. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel, ya rasu 1982. Ni da idona na ga yaranmu sun yi tsit, wata yarinya da ba ta cika magana ba tana ƙirga ƙudan zuman da yatsa, daga nan Ustaza ta sa suka karanto ayar Suratun Nahli, wallahi raina ya yi daɗi.

Laraba mai zuwa kowane ɗan aji shida ya zo da ƙaramin faranti da sukari cokali biyu. Wanda harbin zuma ke kumbura shi a sanar da ni tun yanzu, kar a bari sai ranar.

Yankan riɗi ya kusa, ban hana yara taya ku ba amma ba ranar makaranta ba. Masu ragowar kuɗin wata kun san kanku.

Wassalam,
Mudirin makaranta, Gadarif