Taken gasar zakarun Turai kidan nadin sarauta ne tun 1727

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni dan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tabo wata magana da ba a cika yi ba, wato kidan nan na Turawan da, irin na su Handel da Mozart da Beethoven, wanda mutanenmu da zarar an sa shi sai kaji ana a canza tasha, wai kidan barci ne ba ganga ba amshi.

To ai kuwa muna shan shi bamu sani ba. Ranar Talata da Laraba da daddare in ana Champions League, gidan kallo ya cika makil, 'yan wasa sun jeru kyamara na bin fuskokinsu daya bayan daya, wannan taken da ake sawa har yara na bin shi da baki, asalinsa na Handel ne. A 1992 UEFA ta ba wani Bature dan Ingila mai suna Tony Britten aikin, shi kuma ya gina nashi a kan wani tsohon kidan Handel da ake kira Zadok the Priest.

Shi Handel din Bajamushe ne, an haife shi a garin Halle a 1685, daga baya ya tare a Landan yana yi wa sarakunan Ingila kida, kaga kenan makadin fada ne sak. A 1727 da za a nada Sarki George na biyu a cocin Westminster Abbey ya tsara wakoki 4 na bikin, wannan na ciki, kuma tun daga ranar ba a sake nada sarki ko sarauniya a Ingila ba tare da an yi shi ba, har nadin Sarki Charles a watan Mayun 2023. Maganar da ke ciki ma ta nadin Annabi Sulaiman ce, jama'a na murna suna ran sarki ya dade. Duk mai data ya nemi na asalin ya saurara, baifi minti biyar zuwa shida ba. Gogaye ne ke farawa can kasa-kasa, suna hawa a hankali a hankali sama da minti guda har ka fara kosawa, kawai sai muryoyin mawaka da kahonni da tambura su barke lokaci daya, wallahi sai tsikar jikinka ta tashi.

Abinda ya sa na dauko alkalami shine wannan, Handel ya rasu a 1759 bayan ya makance, a lokacin babu rikoda babu kaset babu komai, amma yau makada a Japan ko Legas za su kada shi yadda ya tsara, saboda a takarda ya rubuta, kowane mai goge da mai busa da nashi layin. Mu kuma fa? Muna da tambari da kakaki da algaita, kowane sarki da takensa, amma duk a ka yake, makadi ya gada wurin uba. Yanzu 'ya'yan da yawa sun kama wata sana'ar kuma ban ga laifinsu ba tunda abin baya ciyar da gida, to ranar da tsohon ya kwanta dama shikenan taken ya bi shi. Abin na damuna sosai.

Kuma ba wai bakar fata bai iya ba ne. Fela Sowande, makadi dan Najeriya da aka haifa a 1905, ya dauko wakokin Yarbawa da na Afirka ta Yamma ya rubuta su a wannan tsarin, African Suite dinsa har gobe ana kada shi a kasashen waje.

Rokona ga masarautunmu da jami'o'in Arewa, a samo wadanda suka iya rubutun kida a zaunar da su da sarakunan kida da busa tun suna raye, a dauki sauti a kuma rubuta. Ku ma Malam Edita ku tura wakilinku fada ya tattauna da su a buga mana, gidajen rediyo kuma ko rabin awa ne a sati su sa irin wannan kidan tare da bayanin wanda ya yi shi da dalilin yinsa.

Naku mai karatu kullum, daga Zariya.