Hannunka ya karye ne?

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna lafiya, sai sanyin Jos da ya fara shigar mini gwiwa. Kuɗin sun iso, Allah ya ƙara buɗi.

Kawunka ya dawo daga Abuja ranar Talata bakinsa a ɗinke. Sai da na matsa masa ya ce awa uku ya yi a kan benci a ƙofar ofishinka, wani yaro mai kwat yana ce masa wai "Dadi" yana hutawa. Kawunka fa! Wanda ya sayar da kekensa saboda kai, ka san shekarar da nake nufi.

Wannan ma da na haɗiye. Abin da ya hana ni barci shi ne, wai in za ka hau bagade, wani ne ke binka riƙe da Littafinka Mai Tsarki, wani kuma da hankici. Hannunka ya karye ne? Babanka ya tsufa yana share majami'a kafin sujadar safe, cikin hunturu, leɓe duk a fashe, yana goge benci ɗaya bayan ɗaya. Har ya koma ga Ubangiji ba a taɓa ba shi kujerar gaba ba, bai kuma nema ba.

Kai ne mai karatun tauhidi, ni Zumuntar Mata kawai na sani. Amma na san Yohanna 13. Yesu ya tashi daga cin abinci, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuda, alhali ya san abin da ke ransa. Wa ya riƙe masa daron? A Markus 10 ma, da 'ya'yan Zabadi suka roƙi zama a damansa da hagunsa, ce musu ya yi mai son girma sai ya zama baran sauran.

Ba na jin tsoron talauci, mun ci shi mun ƙoshi. Tsorona kada ka saba ana durƙusa maka har taka gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, kana kiran sunan Yesu da lasifika shi kuwa yana waje a kan benci. Wannan nake kai wa Allah da kuka kullum asuba.

Za ka ce na cika tsanani, kamar yadda ka faɗa da kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 na ɗora maka tiren dankali. Da me zan biya kuɗin makarantarka? Ko yau ba na nadama.

Ranar da aka naɗa ka na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi, ka gani da idonka. Ka kira kawunka da bakinka, kada ka tura masa kuɗi, zai mayar. Akwai acca da na ajiye maka, zan ba direba ranar Asabar.

Mamarka