Zuwa ga Yaya, kan maganar injin espresso

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma alhamdulillahi, sai dai sanyin Italiya da ba ya jin lallashi.

Na ga saƙonka kan injin espresso da kake son saya, wato injin haɗa kofi mai ƙarfi irin na Italiya. Ka tambayi wanda ya dace, domin a ƙasar nan aka haifi abin. Angelo Moriondo ya yi wa injinsa rajista a Turin a 1884, kuma har yau mutanen nan ba sa wasa da shi.

Sirrin espresso matsi ne. Injin yana tura ruwan zafi, digiri 90 zuwa 96, ta cikin garin kofi da ƙarfin da ya kai bar 9 (bar ma'aunin matsi ne). Za ka ga kwalaye an rubuta bar 15 ko 20 da manyan baƙaƙe. Kar wannan ya ruɗe ka, iyakar ƙarfin famfon ne kawai, talla ce.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, injin niƙa ya fi injin dafawa muhimmanci. In kuɗin bai kai ba, ka rage a wajen injin espresso ka ƙara a na niƙa. Ka nemi mai haƙora masu murƙushe ƙwayar daidai wa daida, ban da mai wuƙa da ke sararta barkatai. Garin da aka niƙa tun a kamfani kuwa, da an buɗe leda ƙamshinsa ya fara guduwa.

Ga yadda za ka gane ka dace. Ka auna garin kofi giram 18, ka baje shi a ludayin injin, ka danne da madanni ya kwanta sumul. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ya kamata ka samu kamar giram 36 a kofinka, yana zubowa siriri kamar zuma daga cokali, da kumfa ruwan ƙasa a sama. In ya kwararo da gudu ya yi tsami, garin bai yi laushi ba. In yana ɗiga da ƙyar ga ɗaci, laushin ya yi yawa. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara ba.

Injin mai 'yan kwanson garin kofin nan da ake sakawa a danna maɓalli ba laifi, sai dai ka zama bawan kwanson. In kuma ka san ba ka da haƙurin aune-aune da asuba (na san halinka, Yaya, a gafarce ni), ka sayi 'yar butar moka ta kamfanin Bialetti, wadda ake ɗorawa a kan wuta. Ba espresso na gaskiya take yi ba, matsinta kaɗan ne, amma ita ce a yawancin gidajen nan.

Sai kula. Bakin tururi, wato ɗan bututun da ake kumfar madara da shi, a goge shi da zarar an gama kumfar madara, kafin ta bushe. Ruwa yana barin farin datti a cikin bututu, don haka a riƙa wanke shi da maganinsa lokaci-lokaci. Kafin ka biya kuma ka duba wutar da yake sha: na Turai volt 220 zuwa 240 ne, na Amurka volt 110 zuwa 120.

In ka ga wanda ya kwanta maka, turo mini hotonsa kafin ka saya. A gaishe mini da Inna sosai, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.