Katun ɗin sararin samaniya: kada a yi musu kuɗin goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, na rubuto ne a kan sharhin da kuka buga a shafin iyali, wanda marubucinsa ya tattaro duk katun ɗin talabijin masu labarin sararin samaniya ko na zamanin da bai zo ba, ya yi musu kuɗin goro. A ganinsa ƙarya ce tsagwaronta da hayaniya, ba abin da suke ƙara wa yaro sai son faɗa. Sau biyu na karanta sharhin. Akwai inda na gyaɗa kai, kuma zan faɗi wurin, amma hukuncin ya yi faɗi da yawa. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, uba ne kuma, don haka maganar ta shafe ni ta fuska biyu.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wata rana da yamma 'yata mai shekara tara tana kallon ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, ni kuma ina gefe ina duba takardun jarrabawa. Kumbo biyu suna fafatawa, ɗaya ya harbi ɗaya, ya tarwatse da ƙara mai ƙarfi har sai da na ɗago kai. Sai ta juyo ta ce, "Baba, ba kai ka ce babu iska a can ba? To me ya ɗauko ƙarar ya kawo?" Na ajiye biro. Na sa ta ɗora kunnenta a kan tebur, na koma ɗaya ƙarshen na ƙwanƙwasa a hankali da farce. Ta zaro ido, don ta ji shi raɗau ta cikin katako. Na ce mata sauti sai ya samu abin da zai bi, ko iska, ko ruwa, ko katako, ko ƙarfe. Inda babu ko ɗaya, ko dutse ya fashe shiru za a ji. Ta yi jim, sannan ta ce, "Ashe masu katun ɗin ne suka ƙara ƙarar don mu ji daɗi." Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi a kan allo, ban taɓa ganin ya shiga kai da sauri irin na ranar ba. Kuma ƙaryar da ke cikin katun ɗin ce ta jawo tambayar.

Wannan shi ne abin da nake ganin marubucinku bai lura da shi ba. Yaro ba ya karɓar abin da ya gani ya haɗiye kawai. Yana aunawa da abin da aka taɓa gaya masa, in ya ga saɓani ya yi tambaya, matuƙar akwai babba kusa da zai saurare shi. Katun ɗin sararin samaniya kuwa cike suke da irin wannan saɓani. Za ka ga matuƙin kumbo yana can kusa da wani tauraro yana hira da mutanen gida kamar a waya, alhali saƙon rediyo tsakanin duniyarmu da Mars kaɗai yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda kowacce take a kan hanyarta. Hasken rana ma sai ya yi fiye da minti 8 kafin ya iso mana, na tauraro mafi kusa da mu bayan rana kuwa sai ya haura shekara 4. Ɗalibaina sun fi riƙe waɗannan alƙaluma idan na fara da tambayar su, "A katun ɗin da kuka gani jiya, minti nawa amsa ta yi kafin ta dawo?"

Sannan waɗannan shirye-shirye ba jiya aka fara su ba, kuma kowanne yana ɗauke da fata da fargabar mutanen da suka zana shi. A ranar 12 ga Satumba, 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya yi jawabinsa na zuwa duniyar wata. Kwana 11 bayan haka tashar ABC ta fara nuna The Jetsons, labarin wani iyali da ke zaune a gida kan dogon ginshiƙi a sama, mota tana tashi, mutum-mutumi tana shara da wanke-wanke, maigida kuma aikinsa danna maɓalli ne, har yana kukan yatsa ya gaji. Kashi 24 kacal aka yi a zangon farko. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da suka hango daidai da abin da suka kasa hangowa. Kiran waya ana ganin juna, da talabijin shafal a bango, da agogon hannu mai hoto, duk sun zo. Amma zaman iyalin bai motsa ko taku ɗaya daga na Amurkar 1962 ba, ɗaga shi kawai aka yi aka ɗora a gajimare. Sun iya hango na'ura, zaman mutane ya gagare su. Wannan kaɗai darasi ne da za a yi awa guda ana tattaunawa da ɗan sakandare.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 1 ga Janairu, 1963, Japan ta fara nuna Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda ya kai kashi 193. Ina roƙon marubucinku ya duba yadda labarin ya faro kafin ya sake cewa babu komai a ciki sai faɗa. Wani masani ne ɗansa ya rasu a haɗarin mota, baƙin ciki ya sa ya ƙera mutum-mutumi mai kama da yaron sak. Da ya ga shekaru suna tafiya abin ba ya girma, sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Yaron ƙarfen nan da aka wulaƙanta shi ne ya koma mai kare mutane. Sunansa a harshen Japan Atom, kuma an nuna shi ne shekara 18 bayan bam ɗin atom ya faɗa wa Hiroshima da Nagasaki. Mutanen da suka ɗanɗani mugun gefen kimiyya su ne suka zauna suna tambayar 'ya'yansu, ta hanyar zane, ko ƙarfi irin wannan zai iya tafiya tare da tausayi. Yau da ake ta muhawara a kan ƙirƙirarriyar basira, tambayar nan tana nan daram.

Yanzu ga inda na yarda da shi. Tsakani da Allah, da yawa daga cikin waɗannan katun talla ce aka yi wa rigar labari. A farkon shekarun 1980 aka sassauta dokokin shirye-shiryen yara a Amurka, sai kamfanonin kayan wasa suka shiga yin katun don sayar da hajarsu. He-Man a 1983 da Transformers a 1984 duk a kan kayan wasa aka gina su, kuma duk sabon jarumin da ya bayyana a allo akwai kwalinsa yana jira a kanti. Sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ƙayyade yawan talla a shirye-shiryen yara. A Japan ma Gundam, da aka fara a 1979, an datse shi a kashi 43 saboda ƙarancin masu kallo, kuma cinikin ƙananan mutum-mutumin roba da kamfanin Bandai ya fara fitarwa a 1980 na cikin abin da ya tashe shi. Duk uban da yaro ya taɓa riƙe wa riga a kanti yana kuka sai an saya masa jarumin da ya gani a talabijin ya san wannan magana ba zuƙi ta malle ba ce.

Wuri na biyu da na yarda da shi ya fi wannan nauyi. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, sai a kunna a miƙa musu a fita. Kuskure ne babba. Futurama, da aka fara a 1999, da Cowboy Bebop na 1998, don manya aka yi su, akwai kalamai da al'amuran da bai dace ƙaramin yaro ya gani ba. Laifin a nan na rashin tantancewa ne, kuma maganinsa a gaya wa iyaye wanne ne na wa. Idan aka ce musu duka shirme ne, ba a ba su ma'auni ba, kuma yaran ba za su daina kallo ba, sai dai su kalla ba mai jagora.

Tun da na ambaci Futurama, bari in ɗan ratse. Cikin marubutansa akwai Ken Keeler, mai digirin digirgir a lissafi daga jami'ar Harvard. A wani kashi na 2010 labarin ya zo da na'urar da ke musanya hankalin mutum biyu, amma ba ta sake yi wa mutum biyun da ta taɓa yi wa. Bayan kowa ya cakuɗe a jikin wani, ta yaya za a mayar da kowa jikinsa? Keeler ya zauna ya tabbatar a lissafe cewa komai yawan mutanen, idan aka kawo sababbi biyu da ba su taɓa shiga na'urar ba, za a warware. Har hujjar aka rubuta a kan allo cikin shirin. Na taɓa ba manyan ɗalibaina wannan matsala da katuna masu lamba, ban ambaci katun ba sai a ƙarshe, kuma an buga ƙararrawar tashi ba wanda ya miƙe.

Amma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Planetes, na tashar NHK ta Japan, 2003, kashi 26. Babu sarkin taurari a ciki, babu takobin haske. Labarin masu kwasar shara ne a shekarar 2075, ma'aikatan wani ƙaramin sashe da kowa ke rainawa a kamfani, aikinsu tsince tarkacen tsofaffin taurarin ɗan'adam da rokoki da ke yawo a kewayen duniya. Shirin yana buɗewa da ɗan noti guda ɗaya yana juyi shi kaɗai cikin duhu, ga jirgin fasinja yana tafe, mutane a zaune cikin kwanciyar hankali. Notin ya daki taga, shi ke nan. Wannan ɗan gutsuren kaɗai na nuna wa 'yata, don sauran shirin ya fi dacewa da matasa. Ta ce, "Ɗan wannan abin?" Na ce mata abin da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ya ninka harsashin bindiga sau da yawa, kuma a irin wannan gudu ƙanƙanta ba ta hana ɓarna.

Matsalar kuwa ta gaske ce. Tun 1978 Donald Kessler na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya yi gargaɗin cewa tarkace na iya yawaita har karo ya riƙa haifar da karo. Shekara 6 bayan fitowar Planetes, a watan Fabrairun 2009, tauraron sadarwa na Iridium 33 ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, suka watse zuwa gutsattsari fiye da dubu. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da ke kimanin kilomita 400 a samanmu, takan kauce wa irin waɗannan tarkace lokaci zuwa lokaci. Abin da nake ƙauna a shirin shi ne ya nuna wa matashi cewa gobe ma wurin aiki ce. Akwai mai walda, akwai mai lissafi, akwai mai share abin da na gaba suka zubar, kuma ran fasinja yana hannun wanda ba a san sunansa ba. Ban san wata huɗuba a kan mutunta ƙaramin ma'aikaci da ta fi wannan shiga zuciyar ɗan shekara 15 ba.

Ga ƙananan yara ma akwai na kirki. Ready Jet Go!, da tashar PBS ta fara a 2016, masaniyar taurari Amy Mainzer ce ke ba shi shawara, tana kuma fitowa da kanta tana bayani tsakanin labarai. Wani abin farin ciki kuma, masu zanen gobe sun fara yawaita daga wurare dabam-dabam. Supa Team 4 na 2023 a birnin Lusaka na nan gaba aka kafa labarinsa, Iwájú na 2024 kuma a Legas ta gaba. Yaron da ya ga mai kama da shi yana sarrafa na'ura a allo ya fi saurin yarda cewa shi ma da shi za a yi.

Don haka roƙona gare ka, Edita, ku ware ɗan gurbi a shafin nan na iyali, ko da sau ɗaya a wata, a riƙa ɗaukar shiri guda ana dubawa. A faɗi shekarun da ya dace da su, a faɗi ko kayan wasa yake tallatawa, a nuna abu ɗaya na kimiyya da ya faɗa daidai da ɗaya da ya ƙaga, sannan a ba iyaye tambaya ɗaya da za su yi wa yaro bayan an kashe talabijin. Ina da littafi guda da nake rubuta tambayoyin da ɗalibaina suka kawo daga irin waɗannan katun, ya kusa cika. In kuna so, zan aiko muku da goma na farko tare da amsoshinsu.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Mai karatunku, malamin kimiyya a sakandare.