Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a koya wa yaranmu yadda aka kafa gwamnatin 1960

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mun yi murna da aka dawo da darasin tarihi makarantunmu, amma akwai giɓin da nake roƙon a cike. Yaro zai haddace maka 1 ga Oktoba 1960, ya jero sunan Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo da Sardauna. Tambaye shi yadda aka yi Ɓalewa ya zama Firayim Minista, sai ya yi shiru.

Ai ba a zaɓe guda aka gama komai ba. A zaɓen Disamba 1959 kujerun majalisar wakilai 312 ne, 174 daga ciki na Arewa, kuma babu jam'iyyar da ta samu rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai. NPC, jam'iyyar Sardauna da Ɓalewa, ta ci 134, NCNC ta Azikiwe da abokiyar ƙawancenta NEPU suka tashi da 89, AG ta Awolowo da nata ƙawayen 73. Ranka ya daɗe, duba lissafin nan da kyau: da NCNC da AG sun haɗa kai, sun ishi kansu. Awolowo ya nemi hakan. Azikiwe ya zaɓi tafiya da NPC, a lokacin da ake fargabar abin da zai biyo baya idan Kudu ta haɗe kai ta bar Arewa a waje. Haka Gwamna Janar James Robertson ya gayyaci Ɓalewa ya kafa gwamnati, Sardauna na zaune a Kaduna yana Firimiya duk da shi ne shugaban jam'iyya.

Daga nan aka raba muƙamai. Festus Okotie-Eboh na NCNC ya riƙe kuɗi, Muhammadu Ribaɗu tsaro, Maitama Sule ma'adinai da lantarki. Azikiwe ya shugabanci majalisar dattawa, a Nuwamba 1960 ya zama Gwamna Janar. Awolowo kuwa ya zauna a kujerar jagoran adawa, muƙami mai daraja a tsarin nan, abin da yaranmu na yau ba su taɓa gani ba.

Kada kuma a ɓoye musu wuraren ɗaci. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, ta tsinci kanta a ɓangaren gwamnati a Legas tare da NPC. Matan Arewa ko ƙuri'a ba su kaɗa ba a wannan zaɓe, alhali na Kudu sun kaɗa.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta ware babi guda a manhajar ƙaramar sakandare kan wannan ƙawance, da taswirar jihohi uku na wancan lokaci da alƙaluman zaɓen. Takardun suna nan a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. A sa masana su tace su, a fassara wa malamai da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Wassalam,
Wani malamin tarihi, Zariya