Kifin bana ya ƙi samuwa a gaɓar Akra

Edita, assalamu alaikum.

Shekara ashirin ina sarin kifi a Chorkor, unguwar masunta a bakin teku, in yi banda in kai Sabon Zongo. Daga Yuli zuwa Satumba, in teku ya yi sanyi, kifin sadin kan cika kwale-kwale har a rasa daron awo. Bana kuwa sai dai hamdala. Jiya tun asuba na tsaya, masunta suka jawo koma, rabinta leda da gorar roba, kifin ko tsawon yatsa bai kai ba. Daro ɗaya na samu da ƙyar.

Masuntan suna kuka da tsadar man inji da manyan jiragen da ke kwashe ƙananan kifi da dare. Hukuma ta dubi waɗannan jiragen, don Allah.

Wata mai banda,
Sabon Zongo, Akra